Golf ɗina na neman cinye min jari, a taimaka

Talata da daddare

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin mota a agaza min. Golf 3 ce doguwa, mai injin 1.8, shekara huɗu tana hannuna. Daga garinmu nan bayan Gumel in je Kano in dawo, da lita 20 zuwa 21 nake yi, har da ɗan zagayen Singa da Ƙofar Ruwa. Tun bayan damina abin ya rikice. Jiya lita 30 na zuba, amma a hanyar dawowa tun a Gujungu ta fara shaƙewa, sai da na sayi galan wajen 'yan bumburutu sannan na kai gida. Na canza fulogi, na canza baƙin mai, ba ta fasa ba. Sau biyu nake shiga Kano a sati ɗauko kayan shago, ribar duk a tanki take ƙarewa.

Ɗan Fulani: Wa alaikumus salam. Malam ka sayar ka sayi jaki, shi kara yake ci 😂

Malam Habu: Kai ma da ka bar bin saniya ka hau Boxer ai ka san kuɗin mai.

Baba Idi Direba: Habu, ba motarka ce ta canza ba, man ne ya canza. Man yanzu ruwa ne. Da can ka zuba a hannu kafin ka ƙifta ido ya bushe, hannun ya yi fari fat. Na yanzu kana zubawa yana bin iska. Kowa da wannan kukan yake.

Nura Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, ina ga abu biyu ne suka haɗu mana. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Bayan an cire har ta haura dubu. Da mutum dubu biyar zai ce a zuba masa, allura ta tashi, ba ruwansa da lissafi. Yanzu dubu biyar ko motsi allurar ba ta yi, sai mu ce mota na shan mai. Amma shi Malam Habu ba da naira ya yi magana ba, da lita ya yi, daga 21 zuwa sama da 30 a zuwa da dawowa. Wannan ba tsada ba ce, ciwo ne. Malam, mitar kilomitarka na aiki?

Malam Habu: Tana aiki. Ita ce ma kaɗai ba ta taɓa ba ni matsala ba a gaban motar.

Nura Injiniya: Madalla. Kar ka ƙara sayen komai tukuna. Ranar da za ka tafi ka cika tanki har sai famfo ya katse da kansa, kar ka bari yaro ya yi ta jijjiga mota yana ƙarawa. Ka mayar da ƙaramar mita sifili. In ka dawo ka koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa har ya katse. Abin da ya shiga karo na biyu shi motar ta sha. Ka kawo mana lambobin biyu.

Malam Habu: Cika tanki a wannan marrar? Nura kana so in kai akuyar maiɗakina kasuwar Maigatari ke nan.

Nura Injiniya: Ai ba zubarwa za ka yi ba Malam, naka ne, yana ciki.

Hajiya Binta: Gaskiya Nura ya faɗa, kuma a kula da gidan man. Ni akwai inda nake sha a hanyar Dutse, na yi wata biyu ina zargin Corolla ta, har na kai ta an wanke nozul. Ranar da na je da jarka mai lita 10 zan kai wa janareta, mita ta nuna 10 cif, mai bai ko kusanci layin ba. Na ce wa yaron wannan fa, ya ce wai jarkar ce ta buɗe. Tunda na canza wuri motata ta warke ba magani.

Sabo Mai Mai: Hajiya, a riƙa cewa wasu. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hajiya Binta: Ai ban kama suna ba Sabo, me ya tsarge ka?

Sabo Mai Mai: 😅 A'a, kare sana'a ne kawai. Wanda ya ga an tauye shi ya kai ƙara NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar man fetur, su ke auna famfo, kuma suna rufe gidan da suka kama.

Oga Tasi'u: Salamu alaikum, yanzu na buɗe waya. Malam Habu ai ni na san motar nan ciki da waje. Nozul ɗinta ne ya buɗe. Ka kawo ta jibi mu saka wani na Baljiyam, magana ta ƙare.

Nura Injiniya: Oga barka da dare. Kafin a kai ga nozul ina da tambaya uku ga Malam. Allurar zafi ina take tsayawa in kana kan titi? Fanka yaushe take tashi? In ka sa yatsa cikin salansa me kake gogowa?

Malam Habu: Allura tana can ƙasa abinta, ko kusa da tsakiya ba ta zuwa, Alhamdu lillahi. Fanka kuwa ina murza makulli take tashi, tun da Oga ya yi mata dairek a watan Satumba da ta taɓa tafasa min a hanyar Hadeja. Salansa bari in fita da fitila.

Malam Habu: Na duba. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, busasshe, ba maiƙo. Har yatsan yana warin fetur.

Nura Injiniya: Oga, da ka yi dairek ɗin, ka cire tamostat?

Oga Tasi'u: Na cire mana. Wa ke barin tamostat a mota a ƙasar nan? Na Turawa ne, don ƙanƙara aka yi shi. Mu da rana ke dafa ƙwai a kan bonet. Shekarata 22 ina wannan aiki, duk motar da ta sauko daga Kwatano shi muke fara jefarwa.

Nura Injiniya: To ga ɓarawon nan an kama. Malam Habu, wannan allurar da kake wa hamdala ita ke cin kuɗinka. Ya kamata ta hau 90 ta zauna daram.

Oga Tasi'u: Kai yaro, injin sanyi yake so. Ka taɓa jin sanyi ya ƙona gaskit?

Nura Injiniya: Oga ka yi haƙuri in yi bayani, in na yi kuskure ka gyara min. Motar Malam ba kafireta ba ce, ko da yake kan injin ya yi kama da ita. Nozul ɗaya ne a sama, kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke gaya masa yawan man da zai fesa. Ita ƙwaƙwalwar ba ta da ido, sensan zafin ruwa take tambaya. In ya ce injin da sanyi sai ta ƙara mai, don fetur ba ya narkewa cikin iska sosai a injin mai sanyi, wani ya manne a bango. Daidai da cok ɗin da Baba Idi ke ja a tsohuwar Fijo da asuba. In injin ya yi zafi sai ta rage, ta koma awon da aka tsara, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in an auna nauyi. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa kar ya je lagireto sai ya kai wajen digiri 87, lambar ma tana buge a jikinsa. Ka cire shi, ka kuma sa fanka tana hurawa ba tsayawa, ga hunturu, ga Malam yana fita bayan sallar asuba. Yaushe injin zai yi zafi? Kamar mutum ne ya ja cok daga Gumel har Gezawa.

Baba Idi Direba: Wannan misalin na gane shi. Wanda ya manta cok a jawe ya san yadda salansa ke hayaƙi.

Nura Injiniya: Kuma ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba Baba. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Malam gobe ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana.

Oga Tasi'u: Duk na ji karatun. Amma ka amsa min wannan. Mutum nawa aka jawo min da igiya saboda tamostat ya maƙale a rufe? Bara wani mai Sharon daga Babura, sabon tamostat a kwali, sati biyu ya ƙi buɗewa, kan injin ya lanƙwashe. Man wata nawa ne kuɗin kan injin? Kai kana Kano kusa da kasuwa. Mu nan in mota ta tafasa tsakanin Gagarawa da daji, wa zai zo?

Alhaji Ado: Nan kam Tasi'u ya yi magana. Jabun kaya sun yi yawa. Ni gara ta sha mai da ta kwana a daji.

Nura Injiniya: Wallahi ban musa ba, akwai jabu, kuma mugun tamostat ya fi babu illa. Amma ana gwada shi kafin a ɗaura, ko a tukunyar shayi. Sannan mu koma baya, me ya sa motar ta tafasa a Satumba? Shekara huɗu tana da tamostat, ta yi bazara huɗu ba ta tafasa ba. Malam wane ruwa kake zuba mata?

Malam Habu: Na rijiyar ƙofar gida. Wani lokacin na burtsatse.

Nura Injiniya: Ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan nan kullum, za ka ga farin abu ya daskare. Shi ne a cikin lagiretonka. Ko dai ya toshe, ko makunnin fanka da ke jikinsa ya mutu, ko murfin tankin ruwan ya daina riƙe iska. Ɗaya daga cikinsu ya jawo tafasar. Cire tamostat ɗin rufe ciwon ya yi kawai.

Oga Tasi'u: Makunnin ne ya mutu, na gaya masa tun a lokacin. Ya ce ba kuɗi, a yi masa dabara.

Malam Habu: Haka aka yi, ba zan yi wa Oga ƙarya ba. Lokacin kuɗin taki ya sha kaina.

Ɗan Fulani: Ashe mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Malam kai ka ce a yi dabara, ka zo nan kana kuka.

Laraba

Malam Habu: Na sansana sandar baƙin man. Fetur sak. Kuma ya haura layin sama, alhali daidai aka zuba sati uku da suka wuce.

Ɗanjuma Kabu-kabu: Malam ka bar wahalar da kanka. Ƙwayar kafur biyar a tanki, wani direban Legas ya ba ni sirrin. Akwai kuma wani maganaɗisu da ake ɗaurawa a robar mai.

Hajiya Binta: Kafur na cikin akwatin kaya? Ikon Allah.

Nura Injiniya: Ɗanjuma, da kafur na rage shan mai da kamfanonin mota sun daɗe da saye shi kaf. Maganaɗisu kuma ƙarfe yake ja, fetur ba ruwansa da shi. Kuɗin ka kai wa mai faci ya duba maka iska ya fi maka amfani.

Baba Idi Direba: Maganar iska gaskiya ce. Mu da muke shiga yashi ranar kasuwa mukan rage iska don kar mota ta kafe. Laifin shi ne a hau kwalta a manta ba a mayar ba. Taya mai laushi kamar tafiya ce a cikin rairayi, ƙafa biyu aikin huɗu. Habu, ka buɗe murfin wajen zuba mai, akwai takarda manne a ciki, ta rubuta awon iskar gaba da baya, da kaya da ba kaya. Kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Wani abu kuma, in ka yi tafiya mai ɗan nisa ka tsaya ka taɓa wilin kowace ƙafa da bayan hannu. Wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa.

Alhaji Ado: Sai kuma lodi. Habu na gan ka ran Lahadi a Gujungu, bayan motar har yana shafar ƙasa, ga kariya a sama da katan-katan. Wannan ba Golf ba ce, Kanta ce.

Malam Habu: Alhaji ai da wannan lodin nake yin lita 21 ɗin ma.

Nura Injiniya: Shi ya sa ban ɗora laifin a kan lodi ba. Abin da ya canza muke nema. Amma kariyar nan in ba kaya a sauke ta, a kan titi iska take tarewa, musamman in an wuce 80. Sai iya kilina, wato matatar iska, hunturun nan kwana kaɗan take cika da ƙura. A zaro a ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Kar a wanke ta takarda da fetur, kar kuma a huda ta da ƙusa kamar yadda na ga wani ya yi.

Baba Idi Direba: Ni dabarata tun ina yaron mota, in na hango gangara sai in sa firi. Har yau ba ta ba ni kunya ba.

Nura Injiniya: A kafireta akwai ɗan abin da ake samu Baba. A mai ƙwaƙwalwa kuwa akasin haka ne. In tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙwaƙwalwar yanke man take yi gaba ɗaya, tayoyi ke juya injin. In ka sa firi dole ta ba shi mai ya yi sulo. Ga kuma haɗari in shanu suka faɗo titi.

Baba Idi Direba: Jikana, wannan kam sai na gani da idona. Mota na tafiya ba mai?

Ɗan Fulani: A bar shanu a wajen maganar nan don Allah.

Hajiya Binta: Tambaya, ɗumama mota da safe fa? Maigidana sai ya tada ta ya koma ya sha koko ya yi wanka, minti ashirin tana ta kuka a tsakar gida.

Nura Injiniya: Hajiya ki ba shi haƙuri ya daina. Minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sai a ja a hankali. A tafe injin ya fi saurin yin zafi.

Hajiya Binta: Ni in faɗa? Zan dai tura masa saƙon naka ya karanta da kansa.

Alhaji Ado: Ni fa ina ganin duk wannan faci ne. A mayar da motoci gas kawai, CNG ɗin nan da gwamnati ke ta talla.

Malam Habu: Alhaji tukunyar gas ɗin a but ake ajiye ta, ni kuma but ɗin shi ne shagona. Kuma in ya ƙare min a ƙauye wa zai kawo min a galan?

Mai Gida (Admin): Jama'a maganar gas a buɗe mata nata zaren. An goge saƙonni biyu na siyasa. Mota muke gyarawa.

Alhamis da daddare

Malam Habu: Na dawo lafiya, na yi yadda aka ce. Kilomita 246, mai lita 33. Baba, ƙafar baya ta hagu kuwa da na taɓa a Gezawa sai da na yarfe hannu. Sauran ukun ɗumi kawai.

Nura Injiniya: Raba 246 gida 33, kilomita bakwai da rabi ke nan a lita. Da kana samun kusan sha biyu. Lita 12 ke tafiya a banza duk zuwa, 24 a sati. Ko a naira dubu kowace lita, naira dubu ashirin da huɗu ke nan. Tamostat da makunnin fanka ba su kai asarar sati biyu ba.

Malam Habu: Inna lillahi. Wata uku ina wannan.

Baba Idi Direba: Ka ga ɓarayin biyu ne ashe. Igiyar hambirek ce, in laka ta shige ta da damina sai ta ƙi sakewa.

Oga Tasi'u: Birki kam aikina ne, ka kawo gobe. Tamostat ɗin kuma in ka nace zan saka, amma ga jama'a shaida, ba da shawarata ba.

Nura Injiniya: Oga na gode. Alfarma ɗaya, a wanke lagireton tukuna, a sa ruwan kulan na gaske, wato ruwan sanyaya injin, a canza baƙin man nan da fetur ya tsinka. A kuma sa mai wayarin ya auna sensan zafi da mita. Da sanyin safe ya ba da wajen om (awon da mitar ke nunawa) dubu biyu zuwa uku, in injin ya yi zafi ya sauko wajen ɗari biyu zuwa uku. In ya maƙale a sama, ko an sa tamostat ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ɗauka ana sanyi. Nozul a bar shi sai an ga sakamako.

Asabar

Malam Habu: Labari. Na aika ƙanena Ƙofar Ruwa ya sayo tamostat biyu, ɗaya sabo a kwali mai ƙyalli, ɗaya na Baljiyam duk tsatsa a gefe. Muka je wajen mai shayin da ke gaban garejin Oga, aka ɗaura kowanne da waya aka zura a tukunyar ruwan zafi. Jama'a sun taru kamar ana dambe. Tun ruwa bai tafasa ba na Baljiyam ya buɗe baki a hankali, aka ciro shi ya huce ya rufe. Sabon nan har ruwa ya yi ta ɓararraka bai motsa ba. Mai shayi ya ce sai mun biya shi kuɗin ruwa da itace.

Oga Tasi'u: Kun gani ko? Da wannan na kwalin aka ɗaura fa? Da yanzu Nura yana ina?

Nura Injiniya: Da ina nan ina ba da haƙuri Oga 😂 Shi ya sa aka ce a dafa shi.

Oga Tasi'u: Lagireton ma da muka buɗe, abin da ya fito kamar kunun kanwa. Layi kusan rabi a toshe. Wannan kam Malam laifinka ne. Sensa lafiyarsa lau, an auna.

Malam Habu: Na karɓa. Yanzu allura tana hawa 90 kafin in fita daga gari, ta tsaya. Jiya da na ga ta hau gabana ya faɗi, na sauka gefe na buɗe bonet, sai na ji fanka ta tashi da kanta ta yi kamar minti ɗaya ta mutu.

Litinin da daddare

Malam Habu: Kilomita 249, lita 23 da rabi. Lodi kamar kullum. Allah ya saka wa kowa da alheri, Nura, Baba Idi, Oga, har da mai jaki.

Nura Injiniya: Alhamdu lillahi. Saura biyu da rabi. Ka zaro fulogi ka gani, in sun koma ruwan ƙasa shi ke nan, in har yanzu baƙi ne sai a duba sensan da ke jikin salansa, wata uku yana shan hayaƙi. Ka shigo da ita in sa mata na'ura in ka zo Kano.

Oga Tasi'u: A hunturu kowa gwani ne. Mu haɗu a watan Afrilu, da azahar, a gosulon Yankaba. In ba ta tafasa ba ni da kaina zan mayar wa tawa.

Baba Idi Direba: An rubuta, ni ne shaida.

Ɗanjuma Kabu-kabu: To ni Boxer ba ta da tamostat ba ta da lagireto, kuma tana sha. Injiniya sai ka zo kaina.

Nura Injiniya: Fara kwashe kafur ɗin tukuna, gobe ka turo min hoton fulogi.